Yadda za ka shirya ekspoze kan Charles Péguy ba tare da ka yanka shi gida uku ba

Ɗalibin adabin Faransanci a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko ɗan lise a Tawa da malami ya ɗora wa Charles Péguy (ana furta shi Sharl Pegi; marubuci ne kuma mai waƙa Bafaranshe), galibi abu ɗaya yake yi: ya buɗe salula, ya kwafo taƙaitaccen tarihi, ya raba mutumin gida uku. Da fari ɗan gurguzu, a tsakiya ɗan Katolika, a ƙarshe ɗan kishin ƙasa da ya faɗi a fagen daga. A kan allo tsarin yana da kyan gani, amma tambaya ɗaya ta ishe shi rushewa. In har ya bar gurguzu a 1908, shekarar da ya koma Katolika, me ya sa a 1910 yake kare gurguzun ƙuruciyarsa, a 1913 kuma yake caccakar mulkin kuɗi fiye da kowane lokaci? Shi da kansa ya ƙi yarda a ce ya sauya sheƙa, ya ce zurfafawa ya yi a kan hanyar da yake kai tun farko. Ba dole ne ka gaskata shi ba. Aikinka shi ne ka auna wannan iƙirari da rubutunsa, kuma ba a iya awon sai an san shekarar kowane shafi da wanda yake yi wa magana a cikinsa.

Kayan aiki

Ka ware makonni biyar, awa ɗaya da rabi kowace rana. Rubuce-rubucensa sun fita daga haƙƙin mallaka, kyauta ake samun su a Wikisource ta Faransanci da kuma Gallica, rumbun intanet na babban ɗakin karatun ƙasar Faransa. Sauke su da dare lokacin da rezo ya fi sauƙi, ka kai a buga maka a takarda. A salula ba ya karantuwa: jimla ɗaya takan ci rabin shafi, sakin layi ya yi shafi biyu bai ƙare ba, ga shi kana buƙatar fensir don bin sawun kalmomin da yake nanatawa. Ka ce wa mai fotokopi ya bar maka gefe mai faɗin yatsu uku a hannun dama.

Abin bugawar ba shi da yawa. De Jean Coste na 1902, Notre jeunesse na 1910 dukansa, L'Argent na 1913 tare da shafukan L'Argent suite da suka taɓo Jean Jaurès, jagoran ƴan gurguzu, da sojan Faransa, shafuka ashirin na farko na Le Porche du mystère de la deuxième vertu, da waƙar Présentation de la Beauce à Notre-Dame de Chartres. In ɗakin karatu yana da bugun Pléiade, kundi uku na zube da Robert Burac ya tsara, ka dogara da bayanan ƙarshen kundi don gane sunayen da ba ka sani ba. Littattafan tsakure, waɗanda ake tsinto jimloli daga nan da can, ka ajiye su gefe tukuna. Mai tsakure shi yake zaɓar Péguy ɗin da za ka gani.

Takardar shekaru

Kafin ka karanta layi ɗaya, ɗauki takarda biyu a haɗe daga tsakiyar kaye, ka ja ginshiƙi huɗu: shekara, rayuwarsa, abin da ke faruwa a Faransa, abin da ke faruwa a nan. Kwana uku na farko na wannan aiki ne.

An haife shi a Orléans ran 7 ga Janairu 1873. Mahaifinsa kafinta ne, ya rasu a shekarar, yaron bai cika shekara ba. Mahaifiyarsa ta rene shi da sana'ar saƙa wa kujeru mazauni da siraran kara, tare da kakarsa wadda ba ta iya karatu ba. Daraktan makarantarsa, Théophile Naudy, shi ya nace aka kai shi lise a 1885 da tallafin karatu. Ya shiga École normale supérieure ta Paris a 1894 bayan ya faɗi jarrabawar shiga sau biyu, a can ya faɗa hannun Lucien Herr, mai kula da ɗakin karatu, da Jean Jaurès, ya zama ɗan gurguzu. A 1897 ya fitar da wasan kwaikwayo kan Jeanne d'Arc, jarumar tarihin Faransa, ya kuma auri Charlotte Baudouin, ƙanwar abokinsa Marcel da ya rasu, auren ofishin magajin gari ba na coci ba. Ja layi biyu a ƙarƙashin wannan auren, zai dawo. Ran 1 ga Mayu 1898 ya buɗe shagon littattafai na ƴan gurguzu da kuɗin dangin matarsa, cikin shekara guda shagon ya durƙushe, su Herr da Léon Blum suka karɓi ragamarsa. A watan Disamba 1899 babban taron ƴan gurguzu ya amince jam'iyya ta riƙa sa ido kan abin da jaridunta ke bugawa. Péguy ya ƙi, ya kafa tasa mujallar, Cahiers de la Quinzaine, fitowar farko ran 5 ga Janairu 1900. Ta yi fitowa 229 zuwa 1914, mafi yawansu daga wani ɗan shago mai lamba 8 a titin Sorbonne, kullum cikin bashi. Kusan duk abin da za ka karanta a cikinta ya fara fita. An kashe shi ran 5 ga Satumba 1914 a Villeroy kusa da Meaux, yana laftanan a runduna ta 276 ta sojan ƙasa, harsashi ya same shi a goshi, yana da shekara 41.

A ginshiƙi na uku ka sa shan kashin Faransa a hannun Jamus a 1870 zuwa 1871 da rasa Alsace da wani ɓangare na Lorraine. Hukuncin Dreyfus, hafsan da aka ɗaure bisa ƙaryar cin amanar ƙasa, a 1894, wasiƙar marubuci Zola ta kare shi ran 13 ga Janairu 1898, sake shari'arsa a Rennes a 1899, wanke shi a 1906. Gwamnatin Émile Combes daga 1902 zuwa 1905. Saukar sarkin Jamus Guillaume na Biyu a Tanja ta Maroko a watan Maris 1905. Dokar raba coci da gwamnati a watan Disamba 1905. Dokar mayar da aikin soja shekara uku a 1913. Kisan Jaurès ran 31 ga Yuli 1914.

Ginshiƙi na huɗu shi ne wanda babu littafin Faransa da zai cike maka. A layin 1899 kaɗai rubuta: ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine, yaƙin Lugu da Sarauniya a watan Afrilu, kisan gillar Birnin Ƙonni a watan Mayu, faɗuwar Damagaram a ƙarshen Yuli. Shari'ar Rennes ta buɗe a watan Agusta. Wato a shekarar da rabin Paris ke tayar da jijiyar wuya kan zaluncin da aka yi wa hafsa ɗaya, hafsoshin wannan rundunar suna ƙone garuruwa a ƙasar Hausa. Ka bar layin nan a buɗe, a mako na huɗu za ka yi amfani da shi.

Ta ina za a fara karatu

Kada ka bi jerin shekaru. Fara da L'Argent, domin shafukansa na farko su ne mafi sauƙin shiga: Orléans ta ƙuruciyarsa, ɗaliban makarantar horar da malamai cikin baƙaƙen kaya waɗanda ya kira hussards noirs, da masu sana'ar hannu da ya ce suna saƙa kujera da irin zuciyar da kakanninsu suka gina manyan majami'u. Shafi goma sha biyar a zama ɗaya ya isa. Idan ka iso inda ya shiga rigima da malaman Sorbonne, su Langlois da Lanson da Lavisse, ka tsallake a karatun farko; faɗan cikin gida ne na marubutan Paris, zai cinye maka kwanaki a banza. Ka riƙe a ranka cewa tsohuwar Faransar da yake yabo hoton ɗan shekara arba'in ne mai kewar ƙuruciya. Kada ka kawo ta a matsayin shaidar tarihi kan yadda ma'aikata suka rayu a 1880.

Daga nan sai De Jean Coste. Sharhi ne kan wani labari na Antonin Lavergne game da malamin makarantar ƙauye da albashi ya gaza riƙe gidansa, labarin da duk wanda ya san halin malaman kwantaragi zai gane ba tare da an yi masa bayani ba. A nan Péguy ya raba talauci da fatara. Mai talauci yana da na yau, yana da ɗan tabbacin na gobe. Mai fatara ba shi da tabbacin komai, kuma Péguy ya kwatanta halinsa da na ɗan wuta. Sai ya kafa hukunci: in aka bar mutum ɗaya tak cikin fatara da saninmu, yarjejeniyar zaman tare ta ɓaci gaba ɗaya. Zagaye wannan wurin da fensir, ka rubuta a gefe "mutum ɗaya, 1902".

Mako na biyu da rabin na uku na Notre jeunesse ne. Abu biyu ke sa ɗalibai su yar da shi. Na farko, shafukan buɗewa suna magana kan takardun wani gida mai suna Milliet, ƴan jamhuriya na da, sai mai karatu ya zaci ya sauke littafin da ba shi ba. Shi ne, gabatarwa ce da ta zarce ta zama littafi. Na biyu, ba a gaya musu cewa amsa ce ba. Abokinsa Daniel Halévy ya buga Apologie pour notre passé a cikin Cahiers ɗin a 1910, da muryar mai neman uzuri kan gwagwarmayar Dreyfus, Péguy kuwa ya tashi ya ce babu abin neman uzuri a ciki. In ba ka san da Halévy ba, rabin zafin littafin zai zame maka hayaniya.

Shari'ar kanta ka iya ba da ita cikin minti ɗaya: kyaftin Alfred Dreyfus, Bayahude, kotun soja ta same shi da laifin sayar wa Jamus asiri bisa takardun da ba nasa ba, aka tuɓe masa galo a bainar jama'a, aka kai shi Tsibirin Shaiɗan a Guyana ta Faransa. Masu adawa da sake shari'a suka ce martabar soja da zaman lafiyar ƙasa sun fi mutum ɗaya. Péguy ya ce zalunci ɗaya da al'umma ta amince da shi a hukumance ya isa ya zubar da mutuncinta duka. Rubuta a gefe "mutum ɗaya, 1910".

A littafin nan ne jimlar da kowa ke ɗauka take: "Tout commence en mystique et finit en politique." Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki mystique a matsayin sufanci ko wani abu na addini kawai. Yana maganar mystique ta jamhuriya, ta Yahudawa, ta Kirista, har ta ƴan sarauta. Abin da yake nufi shi ne aƙida a lokacin da mutane ke biya mata da aikinsu da lafiyarsu da ransu. Politique kuwa ita ce aƙidar nan bayan an mayar da ita abin ci. Ya ba da misali da kansa: da ana mutuwa domin jamhuriya, yanzu ana ci da ita. Don ka nuna ka fahimta, kawo misali mai suna da shekara. Bernard Lazare, wanda ya fara kare Dreyfus a rubuce kuma ya mutu a 1903 ba tare da an kula da shi ba, shi ne fuskar ta farko. Gwamnatin Combes, wadda ta hau nasarar ƴan Dreyfus ta rufe makarantun ƙungiyoyin addini, kuma a zamaninta aka bankaɗo a 1904 cewa ana tara bayanan sirri kan hafsoshin da ke zuwa coci, ita ce fuskar ta biyu. Akwai ƙa'idar da ya gindaya wadda ta cancanci ka faɗe ta a aji: ba a gwada aƙidar ɓangarenka da cin moriyar ɓangaren abokin hamayya. Aƙida da aƙida, ci da ci. Lokacin tambayoyi wani zai so ya ja ka zuwa siyasar yau ta ƙasa. Ka tsaya kan wannan ƙa'idar ka koma 1910, in ba haka ba ekspoze ya zama muhawarar fada.

Bangaskiyarsa

A nan yawancin ɗalibai Musulmi suke tuntuɓe, don kalmomin baƙi ne, wasu kuma suna jin nauyin faɗin aƙidar da ba tasu ba. Maganin na biyun mai sauƙi ne: ka riƙa cewa "a aƙidar Katolika" ko "a bakin mai magana a waƙar". Na farkon kuwa, nemi abokin karatu ɗan Katolika ya ba ka minti talatin kan abu huɗu: baftisma, auren coci, cin jibin Ubangiji a lokacin addu'ar Lahadi, da matsayin Maryamu da waliyyai wajen roƙo.

Ga dalilin da ya sa huɗun nan. An yi wa Péguy baftisma yana jariri, ya yi karatun addini a Orléans, ya bar bangaskiya yana saurayi. A watan Satumba 1908, yana kwance ba lafiya, ya gaya wa abokinsa Joseph Lotte cewa ya sake samun bangaskiya, shi Katolika ne. Amma aurensa ba na coci ba ne, ƴaƴansa ba a yi musu baftisma ba, matarsa kuma daga gidan da ba ruwansu da coci ta fito, ba ta yarda ba. A dokar coci, mai irin wannan zama ba ya karɓar jibi. Ya ƙi tilasta mata, ya ƙi rabuwa da ita, ya zauna a bakin ƙofa. Abokinsa Jacques Maritain, masanin falsafa ɗan Katolika, ya matsa wa gidan lamba kan baftismar yaran, abin ya ɓata tsakaninsu. Sai bayan mutuwarsa matar da ƴaƴan suka shiga cocin. Saboda haka duk wanda ya ce maka Péguy ɗan gaban goshin malaman coci ne, bai karanta shi ba. A Notre jeunesse ya zarge su da mayar da Kiristanci addinin masu kuɗi, wanda ƙofarsa ke rufe ga ma'aikaci.

Tattakin da ya yi zuwa majami'ar Chartres a watan Yuni 1912, a ƙafa, kilomita 144 cikin kwana uku kamar yadda ya faɗa wa Lotte, kusan nisan Yamai zuwa Doso ke nan, ya biyo bayan rashin lafiyar ɗansa Pierre, ya je ya damƙa ƴaƴansa ga Maryamu. Ya sake komawa a 1913. Kada ka kira shi hajji a gaban aji, domin ba farilla ba ne a addininsu; ziyara ce ta cika alkawari. Wani kuskuren na shekara: Jeanne d'Arc, wadda ta ƴantar da Orléans a 1429 aka ƙone ta a Rouen a 1431, ba ta zama waliyyiya a hukumance ba sai 1920, shekara shida bayan mutuwar Péguy. Lokacin da ya fitar da Le Mystère de la charité de Jeanne d'Arc a 1910, matakin da ke ƙasa da wannan kawai aka ba ta, a 1909.

Abin da ya dame shi a addini tun yana saurayi shi ne wuta, wato a ce akwai waɗanda za a bari a waje har abada. Jeanne ta 1897 da Jeanne ta 1910 duka wannan ne ciwonsu. A ta 1910 ƙawarta Hauviette tana cewa tare za a tsira, tare za a isa wurin Ubangiji. Rubuta a gefe "mutum ɗaya" karo na uku. Yanzu kana da zare guda da ya ratsa gurguzu da Dreyfus da bangaskiya, da shafuka uku masu shekara da za ka nuna. Wannan shi ne ƙashin bayan ekspozenka.

Yadda ake karanta waƙoƙin

Da ido kaɗai Péguy yana gundura. Yakan ɗauki jimla ya maimaita ta sau biyar, sau goma, kowane karo ya canja kalma ɗaya. Mai sauri sai ya ga abu ɗaya ne ya tsallake, alhali a kalmar da ta canja tunanin yake tafiya. Ɗauke shi kamar makaɗi da ƴan amshinsa: amshin yana dawowa, amma kunnenka yana kan ɗan abin da makaɗin ya ƙara kafin a amsa. Ku zauna ku biyu ko uku bayan la'asar, ɗaya ya karanta da ƙarfi a hankali, sauran su riƙe fensir suna ja wa kalmar da ta canja layi. Shafi biyar a zama. Bayan nan ku jera kalmomin da kuka ja wa layi a gefe, daga sama zuwa ƙasa, za ku ga hujjar ta fito tsirara.

Le Porche na 1911 ba shi da ma'aunin baiti. Mai magana Madame Gervaise ce, wata mai zaman zuhudu, kuma ta bakinta ake jin Ubangiji yana magana da sauƙin harshe irin na dattijon ƙauye. Kada ka rubuta "Péguy ya ce" a wurin da waƙar ta sa magana a wani baki. Kyawawan halaye uku na Kiristanci su ne bangaskiya, sa zuciya da ƙauna. Ta biyun ce take a sunan littafin, kuma an zana ta a matsayin ƙaramar yarinya tsakanin yayyenta biyu, ana zaton su ke jan ta alhali ita ke jan su. Waƙar Beauce da wata doguwar waƙarsa mai suna Ève kuwa ma'auninsu gaɓa goma sha biyu ne a layi, layi huɗu a baiti. Ƙirga gaɓoɓin layi huɗu da yatsa kafin ka karanta a aji, don kada ka haɗiye harafin e da ake furtawa a waƙa ba a furta shi a hira. Ève ta haura layi 7,000. Babu mai tsammanin ka karance ta, baiti goma sun ishe ka.

Inda zaren ya tsinke

Mako na huɗu na gwada zaren ne, kuma nan ne ekspoze mai kyau yake rabuwa da yabon mamaci. Daga 1905, bayan rikicin Tanja, Péguy ya tabbata Jamus za ta kawo yaƙi. Notre patrie na shekarar shi ne shaidar farko. Jaurès ya tsaya kan sulhu, ya yi adawa da dokar shekara uku. A 1913 Péguy ya kira tsohon jagoransa wakilin manufar Jamus, ya kuma rubuta cewa siyasar lokacin yaƙi ita ce Jaurès a cikin amalanke ana kaɗa ganga don a danne babbar muryarsa, wato hanyar zuwa wurin fille kai. Shekara guda bayan haka Raoul Villain ya harbe Jaurès. Ba Péguy ya aike shi ba, kada ka ce haka. Amma karanta shafin a aji yadda yake, ka ajiye shi kusa da shafin Dreyfus, ka bar masu sauraro su ga mutumin da ya ce ba a sadaukar da mutum ɗaya domin ƙasa.

Sai ka dawo ginshiƙi na huɗu. Hujja tana ɓangare biyu, duka ka kawo su. Cahiers ta buga rubutun Pierre Mille da na Félicien Challaye a 1905 da 1906 kan ta'asar da ake yi a Kwango ta sarki Léopold da Kwango ta Faransa, a lokacin da ba kowace mujalla ke yarda ba. Shi ɗin dai ya ɗauki Ernest Psichari, hafsan sojan mulkin mallaka da ya yi aiki a Kwango da Muritaniya, a matsayin gwarzo, ya yi masa doguwar jinjina a ƙarshen Victor-Marie, comte Hugo na 1910, kuma a L'Argent suite ya yi alfahari da cewa sojan Faransa ne ya sa ake jin Faransanci daga Dakar zuwa Bizerte. A ganinmu ya tsani ta'asar mulkin mallaka, bai tsani mulkin mallakar ba, kuma ɗalibin da ke karanta shi cikin Faransanci a Tawa, tafiyar awa biyu da wani abu daga Ƙonni, yana da hurumin faɗin haka. Sharaɗin kawai shi ne ka faɗe shi da shafi da shekara. Kada ka ɗora masa maganar da bai yi ba kan abin da ya faru a nan. Jera shekarun gefe da gefe ya wadatar.

Ranar ekspoze

In minti ashirin aka ba ka, biyu na tambayar da ka ɗauko ne: shin mutum ɗaya ne daga 1897 zuwa 1914? Huɗu na rayuwa, da shekaru takwas kacal a kan allo. Takwas na shafuka ukun "mutum ɗaya". Huɗu na Jaurès da mulkin mallaka. Biyun ƙarshe ka karanta baiti uku da murya. Abin da ke kashe yawancin ɗalibai shi ne tarihin rayuwa ya cinye minti goma sha biyu, malami ya ɗaga hannu kafin a taɓa rubutu ko ɗaya. Gwada da agogo sau biyu kafin ranar.

Tambayar Vichy za ta zo, wato gwamnatin da Pétain ya kafa a 1940 wadda ta haɗa kai da Jamus. Gwamnatin Pétain ta ɗauki Péguy na ƙasa da iyali da aikin hannu ta yi ado da shi, ta yi shiru kan Dreyfus da Bernard Lazare. A ɗaya ɓangaren, ran 17 ga Yuni 1940 Edmond Michelet ya raba takardu a Brive masu ɗauke da jimlolin L'Argent suite kan ƙin miƙa wuya, kuma de Gaulle mai karanta shi ne tun yana saurayi. Bernard-Henri Lévy ya tuhume shi a L'Idéologie française a 1981, Alain Finkielkraut ya kare shi a Le Mécontemporain bayan shekara goma. Amsarka ita ce ya mutu shekara 26 kafin Vichy, kuma kowane ɓangare tsakure ya yi.

Duk jimlar da za ka rubuta a allo, bincika ta tukuna. Buɗe cikakken littafin a kwamfuta, ka nemi kalmomi uku a jere daga cikinta. In ba su fito ba, cire ta. Rubutun ta'aziyyar nan da ke yawo a Facebook da sunansa, mai farawa da "La mort n'est rien", ba nasa ba ne, fassarar wa'azin wani limamin cocin Ingila ne, Henry Scott Holland, na 1910. Layin Ève da ake rubutawa a kan allunan tunawa da sojoji, "Heureux ceux qui sont morts pour la terre charnelle", nasa ne, amma layin da ke bi masa yana gindaya sharaɗi, cewa sai in yaƙin na adalci ne, kuma sau da yawa ana yanke shi. Ka kawo su biyun tare. A ƙarƙashin kowace jimla rubuta sunan littafi, shekarar fitowarsa ta farko a Cahiers, sannan bugun da ke hannunka da lambar shafi. Clio da Note conjointe bayan mutuwarsa aka buga su, don haka in ka taɓa su, ka ba da shekarar rubutawa dabam da ta bugawa.